Ku Tambaya Mu Amsa: Karatun Awo Daga Hoto a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama difloma a fannin safiyo, ina son ci gaba a jami'a don na ƙware a fotogirametiri, wato auna ƙasa daga hotunan sama. Na iya tuƙa jirgi maras matuƙi sosai. Wannan zai wadatar? Kuma ina ake karatun? Daga mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tuƙin jirgi ƙaramin yanki ne na aikin. Gaba ɗaya darasin yana kan lissafi: yadda wuri guda a ƙasa, tsakiyar lensin kyamara, da inda wurin ya faɗo a hoto suke kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Kowane hoto yana da abubuwa 6 da za a gano, uku na inda kyamara take, uku na yadda ta karkata. Sai a haɗa ɗaruruwan hotuna a warware su lokaci guda. Don haka ka koma ka ƙarfafa lissafin matiris (lambobin da ake jerawa sahu-sahu kamar teburi) da darasin daidaita kurakuran awo. Ana karatun a sashen safiyo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Fasaha ta Minna. Akwai kuma cibiyar horar da masu safiyo da taswira ta AFRIGIST a Ile-Ife, wadda aka kafa a 1972 da sunan RECTAS.

Tambaya: Mun ɗauki hoton gonakin shinkafa a fadama, amma taswirar ta fito a lanƙwashe kamar ƙwarya, kuma ba ta zauna kan tsohuwar taswira ba. Me ya jawo? Daga ɗalibi a Gusau.

Amsa: Matsala biyu ce, ɗan'uwa. Lanƙwasar tana zuwa ne idan manhajar haɗa hotuna ta kuskure lissafin lensi, musamman idan duk hotunan kyamara ƙasa tsaye take kallo. Ka ƙara zagaye ɗaya da kyamara a ɗan karkace, sannan ka shimfiɗa alamomin ƙasa aƙalla 5, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, ka auna su da GPS na safiyo, ba na waya ba. Ka ware wasu alamomin da ba za ka saka a lissafi ba, da su za ka gwada ingancin aikin.

Shinkafa kore shar da ruwa kwance suna rikita manhaja irin su Metashape da OpenDroneMap, don ko'ina kama ɗaya ne, ba ta samun abin da za ta haɗa hoto da hoto. A littafi za ka ga hawan hoto kan hoto kashi 60 cikin ɗari a gaba, 30 a gefe. A fadama ka kai shi 80 da 70, ko ka jira bayan girbi. Ranar hazo mai kauri kuwa kada ka tashi jirgi.

Rashin zama kan tsohuwar taswira kuma, duba ma'aunin tushe, wato madogarar da ake lissafa matsayin kowane wuri daga gare ta. Tsofaffin taswirorinmu suna kan tushen Minna, GPS kuwa yana kan tushen duniya mai suna WGS84, tazararsu takan kai gomomin mita. Ga wani tarko na Zamfara: layin digiri 6 na gabas ya ratsa jihar, Gusau tana shiyya ta 32 ta UTM (tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya), Gummi tana ta 31 tare da Birnin Kebbi, don haka ka tabbata ka zaɓi shiyyar da ta dace. Kafin ka tashi jirgi, ka nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ka sanar da jami'an tsaro da mai gari.