Tambayoyinku: Wai Me Ke Tura Masu Hawan Igiyar Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan ganin bidiyon Turawa a TikTok suna tsaye kan wani falankin katako suna sululu a kan teku, dan Allah inji ne a jikin katakon ko me ke tura su? Kuma su suka ƙirƙiro wasan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Babu inji ko ɗaya, igiyar ruwan ce ke ɗaukarsu. Iska ce ke kaɗawa can tsakiyar teku, wani lokacin dubban kilomita daga gaɓa, ta tayar da igiya, kuma abin da ke tafiya shi ne ƙarfin, shi ruwan yana nan kusan inda yake yana sama da ƙasa, kamar ka riƙe bakin tabarma ka kaɗe ta, tudun ya gudu har ƙarshe amma tabarmar tana hannunka. To idan igiyar ta iso inda babu zurfi sai ƙasa ta rage mata gudu, ta miƙe tsaye, samanta ya rinjayo gaba, a wannan gangaren mutum ke zamewa bayan ya tuƙa da hannu yana kwance har gudunsa ya kusa kamo nata. Shi yasa garin Nazare na Fotugal ya yi suna, akwai wani kwazazzabo mai zurfin gaske a ƙarƙashin teku da ya zo daf da gaɓa yana tattaro ƙarfin ruwan, a can wani Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26 a 2020. Ni kam ko kyauta aka ce in gwada na yafe.

Batun ƙirƙira kuwa Turawa tararwa suka yi. Mutanen tsibiran Folinesiya da ke tekun Fasifik, musamman Hawayi, sun daɗe suna yi maza da mata, a da har sarakunansu na da nasu dogon katakon da talaka bai isa ya hau ba. Mutanen jirgin ruwan Kyaftin Cook, wani Baturen Ingila mai yawon binciken teku, sun gani sun rubuta a 1779, bayan zuwan 'yan mishan a 1820 wasan ya ja baya sosai, sai ɗan Hawayi Duke Kahanamoku wanda ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912 ya riƙa yawo da shi har Ostareliya.

Mu ma nan Afirka ta Yamma ba baƙon abu bane fa, a 1834 wani Bature James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna kwanciya kan katako igiya na kawo su gaɓa, yanzu haka kuma samari na yi a Busua ta Gana da Tarkwa Bay a Legas. A gasar Tokyo da aka yi 2021 aka fara sa shi a Olamfik, ɗan Birazil Italo Ferreira ya ɗauki zinaren maza.