Tambayi Makanike: Wutar cek injin ta ƙi mutuwa, kwamfuta ta ce P0447

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Elantra 'yar Amurka, tun bayan ruwan saman nan wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa, amma motar lafiya lau take tafiya, ba ta fizga ba ta ƙara shan mai. Na kai an sa mata kwamfuta ta nuna P0447, mai garejin ya goge, kwana biyu ta dawo. Yanzu wai sai na canja kanista gaba ɗaya. In saya ne ko in ƙyale ta haka? Daga mai karatunku a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsaya tukuna, kar ka tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da kuɗinka, don lambar nan ba ta ce kanista ta lalace ba.

Man da ke tanki kullum yana fitar da tururi, balle a zafin Kano, to maimakon a bar shi ya bi iska sai aka yi wani akwatin roba cike da gawayi, shi ne kanistar, yana shanye tururin ya ajiye. Bawul biyu ne ke masa aiki. Ɗaya yana gaba wajen inji, shi ke buɗewa inji ya zuƙe tururin ya ƙona. Ɗayan kuma, wanda maganarmu take kansa, yawanci yana can baya ƙarƙashin mota kusa da tanki, aikinsa shigar da iska da fitar da ita. Shi a buɗe yake zaune, sai birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, zai gwada ko akwai inda ke yoyo ne yake tura masa wuta ya rufe na ɗan lokaci. Motocin Amurka tun daga 1996 doka ta tilasta musu tsarin OBD2, wato tsarin da mota ke binciken kanta da shi, shi ya sa ɗan abu kaɗan sai su kunna maka wuta.

P0447 na nufin layin wutar bawul ɗin nan ya katse a wani wuri, birenbos ya nema bai ji shi ba. Da P0448 ce da sai mu ce waya ta haɗe da inda bai kamata ba. Ka ga ke nan aikin mai wayarin ne, kuma da mita ake binsa ba da canki-canka ba.

Ya fara da fiyus, minti ɗaya ne. In lafiya yake a ɗaga motar a cire soket ɗin bawul ɗin a haska ciki da tocila. Nan ne na fi samun ɓarnar, saboda wurin yana shan ruwa da taɓo, ka dai san yadda wasu layukanmu suke komawa da damina, za ka ga bakin ƙarfen ya yi kore-kore ko ɗaya ya zaizaye ya karye, wani lokacin ma wayar daga waje garau take amma in ka ja ta a hankali sai ka ji tana miƙewa kamar cingam, tagullar ta tsinke a ciki roba ce kawai ta riƙe. Ɓera ma yana wannan aika-aikar in mota tana daɗewa a ajiye.

Waya biyu ce a soket ɗin. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, ɗaya ya kamata ta nuna wutar batir, wajen 12 bolt. In babu, matsalar tana tsakanin fiyus da soket. In akwai sai a juya kan bawul ɗin kansa a auna koyil ɗinsa, a motoci da yawa ana samun kamar 20 zuwa 30 ohm, in mita ta ƙi motsi sam to koyil ya ƙone, bawul ɗin kaɗai za ka saya. In ana son tabbatarwa a ciro shi, a yi nesa da tanki, a ba shi wuta daga batir, mai lafiya zai yi ƙas, kuma in ka hura iska ba za ta wuce ba har sai an cire wutar. Don Allah ban da sigari a wajen, kuma kar a riƙa ƙyasta waya a ƙarƙashin tanki.

In duk wannan ya yi daidai saura waya ta biyu, wadda ta tafi birenbos, ita birenbos ke haɗawa da as, wato negatif ɗin batir, sai bawul ya rufe. A auna ta daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Shi birenbos da wuya ya zama shi ne, amma abin haushi wasu shi suke fara ambata don shi ne mai tsoka.

Maganar ka ƙyale ta kuwa, gaskiya ba za ta tsayar da kai a hanya ba. Illar ita ce wutar tana kunne kullum, ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka gane ba. Kanista kuma tana da tata alamar, in ka je gidan mai famfo yana ta katsewa alhali tanki bai cika ba, nan ne ake zargin ƙura ta toshe hanyar iska ko gawayin ya jiƙe da mai. Abin da ke jiƙa shi shi ne ɗabi'ar nan ta a girgiza mota a ƙara ɗura mai bayan famfo ya tsaya. Kai ba ka ambaci wannan ba, don haka ban ga dalilin sayenta ba.

Bayan gyara a goge lambar ka yi 'yan kwanaki kana hawa, mai ya kasance tsaka-tsaki, ba fal ba kuma bai kusa ƙarewa ba, don a haka ne motar take gwada kanta. In ta dawo ka turo mana sabuwar lambar da abin da mita ta nuna.