Tambaya da Amsa: Idan Zuciya Ta Tafasa

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, duk a kan fushi da ɓacin rai. Likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara na wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, 'ya'yana huɗu. Da na dawo gida, abu kaɗan sai in hau yara da tsawa, wani lokacin har da duka, daga baya in zauna ina kuka. A lokacin ji nake kamar ba ni ba. Yaya zan yi? (Wata uwa, Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kike ji yana da tushe a jiki. Idan rai ya ɓaci, wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda sukan zuba sinadarin adirenalin a cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna magana kafin ta fita ya yi rauni. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka da ya daɗe yana nazarin rigimar ma'aurata, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki na bukatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Shi ya sa nasiha ba ta shiga a wannan lokaci, ko da ke kike yi wa kanki. Da jiki ake farawa.

Ki fara gano alamarki ta farko. Wata wuyanta ne ke ɗaukar zafi, wata haƙora take cijewa, wata muryarta ke tashi. Da kin ji ta, ki ce wa yaran, "Ina zuwa," ki bar wurin. Idan akwai na goye, ki miƙa wa babba ko ki kwantar da shi inda ba zai faɗo ba. Kada a taɓa girgiza jariri cikin fushi, domin hakan na iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa.

Sai numfashi. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali ta baki kina ƙirga shida, har cikinki ya riƙa tashi da sauka. Wannan zai ba ki kamar numfashi shida a minti. Ki yi minti uku. Amfanin yana cikin fitar da iskar, don a lokacin ne bugun zuciya ke raguwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da ƙarfi sauri-sauri. Wannan jiri yake kawowa da tsikarar yatsu, mutum ya tsorata ya ce abin bai karɓe shi ba.

Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ki haɗa da neman tsari da alwala. Ruwan sanyi a fuska shi ma yana rage gudun zuciya.

Inda mutane da yawa suke ɓata abin shi ne su keɓe minti 20 ɗin suna bitar laifin da aka yi musu. Wanda ya yi haka zai fito ya fi yadda ya shiga zafi. Ki ba hannunki aiki: ninke kaya, shara, tasbihi.

Wani abu kuma, kin ce da kin dawo ne abin ke faruwa. Kin wuni tsaye a aji, wataƙila ba ki ci komai ba tun safe. Ki kafa doka a gidan: in Mama ta shigo, minti 15 na farko ba a kawo ƙara. Ki sha ruwa, ki sa wani abu a ciki, ki yi salla, sannan ki saurare su. Ki duba barcinki ma, babba na bukatar awa bakwai ko fiye. Numfashin nan kuwa ki riƙa gwada shi bayan sallar asuba da kafin kwanciya, lokacin da ranki ke sanyi, don ranar bukata ya zo miki da sauƙi. In kuma kin riga kin yi tsawar, ki kira yaron bayan kin huce ki ce, "Abin da ka yi ba daidai ba ne, amma ni ma na yi tsawa da yawa." Girmanki ba zai zube ba.

TAMBAYA: Ni ba na faɗa da kowa. Maigidana a kasuwa yakan ci min mutunci gaban mutane, in haɗiye. Amma da dare ba na barci, kaina na ciwo. Wani aboki ya ce in riƙa dukan filo don in huce. (Wani yaron shago, Kano)

AMSA: Malam, shirun da kake yi gaban maigida dabara ce mai kyau, ba mu ce ka daina ba. Matsalar ita ce a nan ka tsaya. Binciken James Gross, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa mai ɓoye abin da yake ji fuskarsa ce kawai ke kwanciya, jikinsa kuwa ƙara tashi yake yi.

Shawarar abokinka ba mu goyi bayanta ba. A gwajin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Brad Bushman, ya wallafa a 2002, waɗanda suka daki buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna kurum fushi daga baya.

Bayan isha'i ka ɗauki biro da takarda na minti 15. Ka rubuta abin da ya faru, sannan ka kira abin da ka ji da sunansa. "Raina ya ɓaci" bai isa ba. Kunya ce don an yi gaban mutane? Tsoron rasa aiki ne? Kowanne da maganinsa. In kunya ce, ka sami maigida shi kaɗai ranar da yake cikin walwala: "Alhaji, in na yi kuskure a riƙa kirana gefe, zan fi gyarawa." In bakinka zai yi nauyi, ka sa dattijon da yake jin kunyarsa. In tsoro ne, abin yi shi ne adashi da neman wata madafa.

Ka rage goro, shayi mai kauri da kofi daga la'asar, suna hana barci. Ka kuma je a auna hawan jininka. In an auna a ranaku daban-daban ya kai 140/90 ko ya wuce, ka ga likita, kada ka jingina ciwon kan ga ɓacin rai kawai.

TAMBAYA: Yaushe ne abin ya wuce a ce wa mutum ya yi haƙuri? (Wata ɗaliba, Zariya)

AMSA: Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, barci da cin abinci suka canza, karatu ko aiki ya gagara, to a je asibiti. Haka mai jego da ta kasa jin daɗin jaririnta, da wanda fushinsa ya kai ga raunata wani, da mai neman sauƙi a wurin tiramol ko kodin. Wani lokacin ma ciwon jiki ne, kamar na maƙoƙo, gwajin jini ke gano shi. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma addu'a ba ta hana magani.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. Wanda ya fara maganar ya gaji da rayuwa ko yana tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna, guba da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.