Kogi ya kwashe gonata ya kai wa yayana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar gona, kogi ya ratsa ta tsakiya. Da aka raba gado, ni na sami tsallaken gabas, yayana ya sami na yamma, kowa da takardarsa. Damina shida ke nan ruwa yana cin gaɓata, har ya cinye kusan sulusin rabona, shi kuwa Yaya wajensa sai ƙaruwa yake yi. Na ce a sake rabo, ya ƙi. Yau shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Malam, ba ƙasata ba ce ta tsallaka wajensa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, don duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon gaɓa tana ruftawa da shukarsa ya san abin ba wasa ba ne.

Abin da ke faruwa da ku halin kogi ne a ko'ina. Inda ya yi lanƙwasa, ruwan gefen waje ya fi gudu, sai ya riƙa kwarzar gaɓa. Na gefen ciki kuwa a hankali yake tafiya, sai ya sauke yashi da laka. Kai kana waje, yayanka yana ciki. Kuma lakar da ta kwanta a wajensa, akasarinta daga can sama ta zo, daga gonakin mutanen da ba ku taɓa gani ba. Taka ta yi gaba, wani can ƙasa yana nomanta.

Rigimar ma tsohuwa ce. Tun zamanin Rumawa masu shari'a suka bambance abu biyu, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun gaji wannan: in kogi ya matsa sannu-sannu, iyaka tana binsa, ƙarin na mai gaɓar ne, in kuwa dare ɗaya ya yanke sabuwar hanya, iyaka tana nan inda take. Yadda ka ba da labari, naku ya fi kama da na farko. Ka je wurin masanin dokar inda kake kafin ka kashe kuɗi a kotu, amma gaskiya ban ga alamar za ta yi maka daɗi ba.

Ba ku kaɗai ba ne, har manyan ƙasashe sun sha wannan. A 1848 Amurka da Meziko suka amince kogin Rio Grande ne iyakarsu. Sai kogin ya riƙa matsawa kudu, ambaliyar 1864 ta ƙara tura shi, ya bar fili kusan eka 600 a ɓangaren Amurka, wurin da ake kira Chamizal. Ba a sasanta ba sai a 1963, sannan aka zuba wa kogin siminti a wannan yanki don kada ya sake motsi. Shekara ɗari ana ja-in-ja, waɗanda suka fara duk sun mutu ba su ga ƙarshe ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1831. Aman wuta ya fito da wani ɗan tsibiri a teku kudu da Sisili, babban tsibirin da ke kudancin Italiya. Ingila ta kafa tuta ta raɗa masa suna Graham, sarkin Sisili ya ce nasa ne ya kira shi Ferdinandea, Faransawa suka ce Julia. Kafin farkon 1832 igiyar ruwa ta wanke shi. Sunaye uku, babu tsibiri.

Ina yawan tuna wannan saboda abin da ya faru da ni ina saurayi. Mahaifina ya sa ni haƙa rami a gonar da muke cewa ta kakanmu ce, shi ya sare dajinta. Ban kai ƙugu ba sai ga tsingaro, sai ga rabin dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya saboda aiki. Ashe kufai muke nomawa. Wata mata ta yi shekaru a durƙushe gaban wannan dutse, tana kiran wurin gidanta, kuma ko tsofaffinmu babu wanda ya san sunan mutanenta. Na daɗe riƙe da dutsen nan a hannu. Tun ranar, in na ce "gonata" sai in ji kalmar ta yi mini yawa a baki.

Ba ina raina takardarka ba ne. Tana da amfani ƙwarai, ita ke hana mai ƙarfi ture maraya. Sai dai alkawari ce tsakaninka da mutane, cewa ba za su shiga maka ba. Kogi bai sa hannu ba. Ƙasar saman da kake nomawa, kaurin yatsa ɗaya kawai yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu, don haka ta riga mahaifinku, ta riga wanda ya sayar wa kakanku. Abin da aka raba muku ranar gado damar nomanta ce na iya kwanakinku, kuma shekara biyu daga cikin kwanakin nan sun tafi a gaba da wanda kuka sha nono ɗaya.

Shi ma Yaya ina da magana da shi, in wannan shafi ya kai gare shi. Malam, abin da ruwa ya kawo maka ba guminka ba ne, kuma lanƙwasar kogi ba ta zama wuri ɗaya. Watakila 'ya'yanka ne za su tsaya inda ƙaninka yake tsaye yau. Ko doka ta ba ka, ɗan'uwa rabin jiki ne.

Kai kuma, ka tsallaka ka gaishe shi, kada ka ɗauki takarda. Kada ka ce a sake rabo, wannan kalmar ce ta toshe masa kunne. Ka roƙe shi aron wani yanki na sabuwar ƙasar ka noma, a gaban dattijo guda da ku duka kuke jin kunyarsa. Sannan ka daina noma har bakin ruwa. Ka bar tazara, ka dasa jema da gora a gaɓar tun farkon damina, don saiwarsu ta kama kafin kogi ya cika.