Ɗana ya ce ko an kama shi Oga zai fito da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni uwa ce, a Kurna nake zaune. Ɗana na biyu shekararsa 19, ya watsar da koyon ɗinki, sai tsakar dare yake shigowa gida. Na tsinci katin ƙwaya a aljihun wandonsa da na ɗauko zan wanke. Da na titsiye shi sai ya ce shi ba sayarwa yake ba, aike kawai yake kai wa wani da suke kira Oga, ana ba shi na kashewa, kuma ko an kama shi Oga ya san manya, kafin magariba ya fito. Barci ya ƙaurace mini. Wai yaya mutanen nan suke, kuma zai iya zare jikinsa ba su illata shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanyaya miki, Ya shiryar da shi.

Kano kasuwa ce, yawancin kayan shigo da su ake yi. Wiwi daga dazukan Ondo da Edo take tahowa, tramol mai ƙarfin 225 kuwa akasari daga Indiya, ta tashoshin ruwan Legas. Kodin ma, tun da gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a watan Mayun 2018, ta bayan fage yake yawo. Mai kuɗin da ya yi odar kaya ba ya taɓa su da hannunsa. A ƙasansa akwai dila mai ajiya, wanda ke karɓar katan-katan da sinƙi-sinƙi. Shi ke raba wa masu zama a daba, su kuma su sayar kati-kati, ƙulli-ƙulli. Can ƙasa sai yaran aike da masu tsayawa bakin lungu suna duba motar jami'ai. Nan ɗanki yake. Kowa na samansa kaɗai ya sani, shi ma da laƙabi da lambar wayar da ake sauyawa. Wanda yake kira Oga ɗin nan, ina kyautata zaton shi ma yaron wani ne.

Albashi babu. Bashi ake ba da kaya, da dare a kawo ciniki, abin da ya yi saura shi ne naka. Ɗan aike kuwa kuɗin abinci ne da katin waya, sai a cika masa ladan da ƙwaya. Da gangan ake yin haka, don yaron da jikinsa ya saba ba sai an je nemansa ba, da sassafe zai kawo kansa. Ko a Amurka haka abin yake. A shekarar 2000 masana biyu, Steven Levitt da Sudhir Venkatesh, sun fitar da bincike kan littafin lissafin wata ƙungiyar dillalai a birnin Shikago, suka ga yaran titi ba sa samun ko mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke wa lebura, da yawansu ma a gidan iyayensu mata suke kwana, alhali shugaban na kwasar dubban daloli duk wata.

Da bashin nan ake tsare su. In ciniki ya yi giɓi a rubuta maka, in aka ƙwace kaya a rubuta maka, in ka shanye a rubuta maka. Sai bashi ya taru sannan a turo 'yan daba.

To, yanzu ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wai Oga zai fito da shi. Hajiya, kusan duk yaron da na tarar a tsare da wannan zancen yake tarbata, har yana tambayata ko Oga ne ya turo ni. Ba Oga ba ne, uwarsa ce ta sayar da ɗan kunnenta. Ki duba da hankali: mutumin da ya ɗauki yaro don kada a ga fuskarsa, shi ne zai tako ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ce nawa ne? Ana kama yaron, layin wayar Ogan zai mutu. Washegari wani yaron ya maye gurbinsa, don masu jiran aikin sun fi aikin yawa. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Jihar Kano sun haura miliyan ɗaya. Kasuwa irin wannan ba ta tsayawa don an kama ɗan Kurna guda. In ma Oga ya aiko da wani abu, kuɗin toshiyar baki ne, kuma da kayan da aka kama duk za a ɗora a kan bashin.

Sannan kalmar nan ta "aike aka ba ni" da yaran ke ɗauka kariya ce, a takardar bayani amsa laifi ce. Ya yarda kayan a hannunsa suke, ya san mene ne, kuma da wani suka haɗa baki. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 kan mallaka da kan haɗin baki, safara da sayarwa kuwa har ɗaurin rai da rai. Alƙalai kan sassauta wa mai laifin farko, amma Babbar Kotun Tarayya ce ke shari'ar, ba wurin da mai unguwa zai sa baki a kashe magana ba ne, kuma kafin a kai ga hukunci yaro na iya shafe watanni a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse yana jira. A wannan tsakanin ne 'yan kamasho ke kewaye uwa, kowa ya san wani babba, kowa a kawo na mai. Na ga matar da ta zo da takardar filin gadonta a ƙulle cikin leda, ta riga ta jinginar da shi ga wanda ko ƙofar kotun bai taɓa shiga ba. Masu wannan sana'a ba su fi Ogan tsoron Allah ba.

Zai iya fita? A matakinsa, galibi e. Bai san abin da zai sa a bi shi har abada ba, bashi ne ke riƙe shi. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya zaunar da shi, ba duka ba zagi, a ji nawa ake bin sa. Kada ki je wurin mutanen da kanki. In an fara barazana, a sanar da mai unguwa da hukuma tare da lauya. A karya layin wayarsa, a tura shi wurin dangi nesa da unguwar, ya koma kan kekensa na ɗinki.

Ki ɗauka yana sha, ko ya rantse. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen masu wannan lalura a asibitin Malam Aminu Kano, don yanke tramol ko diyazafam farat ɗaya kan jefa mutum cikin matsanancin hali, har da jijjiga. Kada wani ya ruɗe ki da gidan mari. Kin ga yaran da aka fito da su da sarƙa a ƙafa a Rigasa da Daura a 2019.

Katin da kika tsinta kuma kada ya sake kwana a ɗakinki. In aka zo bincike aka same shi a ƙarƙashin katifarki, ke za a tambaya. Ki kai wa lauya maganar gobe da safe, ya san yadda za a miƙa shi.