Hanyar Mambila da iyali: lissafin tafiya da wuraren cin abinci

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka cewa kana son ka ɗauki mai ɗakinka da yara uku daga Kano zuwa tsaunin Mambila da ke jihar Taraba a hutun Disamba, da ƙaramar motarka, kana neman a faɗa maka yadda za ka tsara hanya da inda za ku riƙa tsayawa cin abinci. Ina da 'yan'uwa a Nguroje, na hau dutsen nan da rani na hau shi da damina, a motar haya da kuma tawa, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Abu na farko, ajiye lissafin kilomita da wayarka take nuna maka. Wannan tafiya da rana ake auna ta. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: ƙarfe nawa zan kasance a Mayo Selbe? Nan ne gindin dutsen, kuma duk sauran tsarin tafiyar a kansa yake rataye. In ka isa can tsakanin azahar da ƙarfe biyu da rabi, ka yi daidai. In la'asar ta yi sanyi ba ka iso ba, ka kwana a Serti kawai, kada ka bari kowa ya zuga ka da cewa ai saura kaɗan.

Saboda haka kwana biyu ne zuwa, kwana biyu dawowa. Ranar farko Kano zuwa Jalingo: ka bi ta Gombe, ka wuce Billiri da Kaltungo, inda za ku fara ganin duwatsun ƙasar Tangale, ka gangara Numan, wurin da kogin Gongola yake haɗuwa da Binuwai, sannan Jalingo. Yini guda ne cur, ka fita da an sallame asuba. Ku ci abincin rana a Gombe, a Numan kuma in kun samu kifi mai zafi ku saya. Ba zan daɗe a kan wannan ɓangare ba, hanya ce da mutane da yawa suka sani. Abin da kawai zan ƙara shi ne, yanayin titin Numan zuwa Jalingo yakan canza daga shekara zuwa shekara, ka tambayi direbobin tasha a Gombe a ranar, su suka san inda ya lalace a makon nan.

Rana ta biyu ita ce tafiyar. Daga Jalingo ka nufi Garba Chede, sai Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe, ka hau dutse ka faɗa Maisamari, ka wuce Nguroje, ka ƙare a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Ni da iyali ban taɓa yin ta ƙasa da awa bakwai ba, da tsayawar salla da ta abinci takan kai takwas ko fiye. Ku karya a Jalingo tun da duhu-duhu, ƙosai da kunu ko shayi da burodi, ka cika tanki taf, ka ciri kuɗi a hannu isassu. Kada ka dogara da tura kuɗi ta waya, akwai wurare masu nisa da sabis yake ɗaukewa gaba ɗaya, mai ayaba a bakin hanya kuma tsabar kuɗi ta sani. Takardun motarka su kasance cikakku a kusa da hannu, shingayen jami'an tsaro suna da yawa.

A Bali za ku tsallake kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa lokacin da aka cire ta daga tsohuwar Gongola a 1991. Nan wurin miƙe ƙafa ne da ƙara mai. Daga Bali zuwa Serti daji ne mai kyau, bishiyoyi sun yi duhu, duwatsu suna ta matsowa kusa da kai, amma garuruwan sun yi wa juna nisa. Ba wurin tsaye-tsaye ba ne don ɗaukar hoto a inda ba mutane, kuma ba hanyar dare ba ce. Maganar tsaro ina yi maka ita da gaske: kafin ka bar Jalingo ka shiga tashar motocin Gembu ka gaisa da 'yan yuniyon, ka tambaye su lafiyar hanya, in da hali ka tashi lokacin da motocinsu suke tashi ka bi ayarinsu.

Serti ne wurin babban cin abincinku na ranar. Nan ne kuma ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Kada ka sa shi cikin lissafin wannan tafiya, hawansa aikin kwanaki ne a ƙafa tare da ma'aikatan gandun, shiga cikin dajin ma yana son mota mai ƙarfi ba irin taka ba.

Yadda nake zaɓen mai abinci a hanya ba shi da wuya. Ina duba inda direbobin haya suke ajiye motocinsu su zauna. Mutumin da yake bin hanya sau uku a mako ba zai koma inda aka taɓa ɓata masa ciki ba. Sannan ina son in ga tukunya a kan wuta, a zuba mini yana tururi. Shinkafa da wake, tuwo da miya, doya da miya, duk lafiya lau in da zafinsu. Abin da nake guje wa iyalina shi ne abin da aka dafa tun safe ya huce a roba, da ganyen da ba a dafa ba, da kunun zaƙi ko zoɓon da ban san da wane ruwa aka haɗa ba. Tsire da balangu kuma a mayar maka da su kan wuta a gabanka. Ku ɗauko katan ɗin ruwanku daga Jalingo.

To ga wata shawara da iyayen yara suka fi bukata: a Serti kada yaran su cika ciki da abu mai maiƙo. Tsakaninku da kwane-kwanen hawan dutse bai fi tafiyar ɗan lokaci ba, kuma yaron da ya ƙoshi da soyayyen abu ya shiga wannan juye-juyen, amai zai yi. Su ci kaɗan, a riƙe musu biskit da lemon zaƙi da leda a kusa, a hana su kallon waya, a ce su riƙa duban gaba ta gilashi. Kunnuwansu za su toshe yayin hawa, su riƙa haɗiyar yawu ko tauna cingam, zai buɗe.

Yanzu dutsen kansa. Mutanen wurin suna kiran hawan da Hawan Biyu da Sisi, ana cewa sunan ya samo asali ne daga ladan sule biyu da sisi da ake biyan masu ɗaukar kaya su haura da shi kafin a yi titi. Za ka ji ana ambatar Kwanar Drum da Tungan Ahmadu, duk a kan wannan hawa suke. Titin ƙunci gare shi, dutse a gefe ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya gefen, kwana tana bin kwana ba ka ganin mai zuwa. Ka tsaya a Mayo Selbe tukuna, ka bar injin ya huce, ka duba ruwan lagireto da baƙin mai da man birki. Sannan ka kashe na'urar sanyaya mota, ka sauke gilashi, ka hau da giya lamba biyu, inda ya yi tsauri ka koma ɗaya. Ka riƙa danna hon kafin kowace kwana, ka tsaya a hannunka, kada ka yi yunƙurin wuce babbar mota sai direbanta ya ba ka hannu. Za ka ji motar ta rage ƙarfi yayin da kuke ƙara sama, wannan ba lalacewa ba ce, iska ce take yin shara-shara, injin ba ya samun yadda ya saba. Idonka dai yana kan allurar zafi. In ta fara hawa, nemi fili ka tsaya, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Ƙaramar mota tana hawa, kullum suna hawa. Lafiyarta ake bukata. Mako guda kafin tafiya ka kai ta wurin bakanikenka ya duba birki gaba da baya, ya canza man birki in ya tsufa, ya duba kuloci da fanbel da tayoyi har da safaya, ka kuma tabbatar jak yana aiki.

Na nanata maganar birki ne saboda saukowa ta fi hawa haɗari nesa ba kusa ba, kuma na gani a kaina. Zuwana na farko da motata, da na tashi dawowa sai na riƙa gangarowa ƙafata a kan birki, giya tana sama. Ban kai rabin dutsen ba na fara jin ƙauri, sai na ji birkin ya yi laushi yana nutsewa ƙasa. Allah ya taimake ni akwai ɗan fili a gefen dutse, na lallaɓa na shiga na tsaya, 'yata tana barci a baya ba ta san abin da ake ciki ba. Wani dattijon direba da ya tsaya a kanmu ya ce in bar ta ta huce da kanta kada in zuba wa ƙafafun ruwa, muka zauna kusan awa guda. Shi ya koya mini abin da nake gaya wa kowa yanzu: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Injin ne zai riƙe motar, birki taɓawa kawai ake yi a saki. Abin da yake faruwa shi ne gogayya tana sa ƙarfen ya yi zafi har man birkin ya tafasa, in ya tafasa kuwa ko ka taka babu abin da zai kama. In motarka otomatik ce, ka cire ta daga D ka sa a 2 ko L. Kada ka kuskura ka sa furi don tsimin mai.

Da kun ƙare hawan kun fito Maisamari, za ka gane dalilin da ya sa mutane suke shan wannan wahala. Ƙasa takan buɗe gaba ɗaya, tuddai masu santsi suna bin juna har iyakar ganinka, shanu birjik a kansu, layukan bishiyar turare sun kewaye gidaje. Kuna sama da mita 1,500 a nan, kuma kusan duk mita dubu da aka hau zafi yakan ragu da wajen digiri shida, don haka rigunan sanyin yara su kasance a cikin mota, kada a cusa su ƙarƙashin kaya a but. Nan ne za ku tsaya wurin mai shayi ku sha da zafinsa. Ni a wurina kofin shayin Maisamari bayan wannan hawa ya fi duk wani abin da zan ci a tafiyar.

A saman ne abincin yake da daɗi da araha. Ayaba da fiya da dankalin Turawa da zuma duk na wurin ne. Nguroje garin shanu ne, nama mai kyau, kindirmo da man shanu kuwa sai ka ɗanɗana za ka san bambanci. Ku nemi tuwon masara da miyar kumbi, wani ganye ne da mutanen dutsen suke ci sosai, in kun je ba ku ci shi ba kun yi asara. Kindirmo ka saya da safe a hannun matan Fulani, ka kuma koyi gaisuwa ko biyu ce da Fulatanci, domin shi ne harshen kasuwa a can tare da Hausa, Mambilawa da Kaka da sauran ƙabilun wurin duk suna jin sa. Zuma kuma ka sa wanda ka sauka a wurinsa ya kai ka inda yake saye.

Wuraren gani, ka ware yini guda don gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Yara suna jin daɗin ganin cewa ganyen da suke sha kullum ga bishiyarsa. Akwai kuma dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, kurmi ne na kan tsauni da ya rage, ana shiga da ɗan rakiya. Hanyoyin da suka ratse daga babban titi yawancinsu na ƙasa ne, shi ya sa za ka ga tsofaffin Land Rover da babura su ne abin hawan ƙauyuka. Ka ajiye motarka a masauki ka ɗauki hayar mai irin wannan, ya fi maka kwanciyar hankali. In ka samu dattijo a Gembu ka tambaye shi labarin ƙuri'ar 1961, lokacin da yankin, wanda yake cikin Arewacin Kamaru a hannun Ingila, ya zaɓi shiga Najeriya. Daga nan sunan Sardauna ya bi wurin.

Sai dai in gaya maka gaskiya game da Disamba. Hanya a bushe take, wannan alheri ne ga mai ƙaramar mota. Amma ciyawa ta fara bushewa, wasu wuraren an ƙone, hazo kuma yakan rufe nesa, sanyin dare da na asuba yana da tsanani. Koren da kake gani a hotuna na damina ne da ƙarshenta. Da zaɓi a hannuna yake, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba zan ce maka, ruwa ya ja baya, ƙasa tana nan kore shar. Tunda hutun makaranta ne ya ɗaure ka, ku je a Disambar, ku riƙe barguna biyu na ƙari da safa da hular sanyi da man shafawa, ka kuma kama masauki a Gembu tun kafin ku taso, domin lokacin mutanen garin da ke zaune a wasu wurare suke dawowa gida.

Ranar dawowa kada ku yi sammakon duhu. Ku bari rana ta fito hazon safe ya ɗaga, ku bar Gembu wajen ƙarfe bakwai, ku sauka dutsen da hantsi, azahar ta same ku a Serti ko Bali, ku shiga Jalingo da sauran rana. In ka tsayar da ranar tafiya ka sanar da ni, zan kira mutanen Nguroje in ji yadda titin yake a satin. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida iyali.