Wane hedifon ya dace da wasan bidiyo?

Malam, ka ce kana Gusau, kuma kana neman hedifon na wasan bidiyo mai sauti da makirfo masu kyau, wanda ba zai matse maka kai ba.

Ka fara duba nauyinsa da kumfar kunnensa, domin mai nauyin giram 300 ko ƙasa da haka ya fi daɗin sakawa, kuma a zafin watan Afrilu kumfa mai rufin yadi ta fi ta leda, wadda ke tara gumi har ta riƙa ɓarewa. A ganina mai igiya ya fi dacewa da mu, tunda babu ruwansa da caji idan an ɗauke wuta, sannan Bluetooth yana jinkirta sauti, kuma na'urar wasa ta PlayStation 5 ba ta karɓar hedifon mai Bluetooth kai tsaye.

Kada rubutun 7.1 a jikin kwali, wato alamar sautin da ake ji kamar yana zuwa daga kowane ɓangare, ya ruɗe ka. Ka gwada makirfon a shago ta hanyar naɗar muryarka kafin ka biya, saboda jabu sun yi yawa. Idan kunnenka ya fara ƙara bayan wasa, ka rage sauti, ka ga likitan kunne.